A Gyara Abincin Uwa, A Rage Wa 'Ya'ya Magani

Na san akwai mai karatun da zai ga sunan alade ya ce ina ruwansa, tun da ba ya kiwonsa, ba ya kuma cin namansa. To, a yi haƙuri a biyo ni, domin abin da ke gudana cikin hanjin wannan dabba yana iya shafar maganin da likita zai rubuta wa ɗayanmu gobe.

Uwar alade takan ɗauki ciki na kimanin kwana 114. Mabiyiyarta ba ta barin sinadaran garkuwar jiki su ratsa zuwa ga 'ya'yan, saboda haka sukan zo duniya ba tare da kariya ba, sai sun sha dakashi a ranar farko. Bakteriyar da ke fara zama cikin hanjinsu kuwa akasari daga uwar suke fitowa: daga hanyar haihuwa, da fatar nono, da kashinta da 'ya'yan ke tsinta a ƙasa. Idan masu amfani irin su Lactobacillus suka riga kama wuri, masu cutarwa sukan rasa wurin zama da abin ci.

Matsalar takan taso ne lokacin yaye. A manyan gonakin Turai ana raba 'ya'yan da uwarsu suna da mako uku zuwa huɗu, a mayar da su kan hatsi farat ɗaya. Nan take sai bakteriya masu amfani su ragu, wasu nau'o'in E. coli su yawaita, zawo ya ɓarke. Tun wajen 1950, da aka gano a Amurka cewa ɗan maganin kashe bakteriya cikin abinci yana hanzarta girman dabba, makiyaya suka mai da shi tamkar gishirin miya. Sai dai bakteriyar da ke haɗuwa da magani kullum, masu jure masa ne ke tsira su hayayyafa. Don haka Suwidin ta hana ba da shi domin ƙara girma a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2006. A 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 cikin E. coli na aladu, wadda ke sa bakteriya jure wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran sun gaza. Ba a jima ba aka same ta a ƙasashe da dama, har a jikin majinyata.

Wannan ne ya sa masu bincike suka juya ga abincin uwa mai shayarwa. Wasu kan ƙara mata yis mai rai, wasu bakteriya masu amfani irin su Bacillus subtilis, wasu kuma abinci mai yawan harza kamar dusa. Bakteriyar babban hanji sukan ruɓar da harzar, su samar da wasu sinadarai masu tsami waɗanda ke ciyar da bangon hanji, su kuma takura wa masu cutarwa. Idan hanjin uwa ya sauya, abin da take gadar wa 'ya'yanta ma yakan sauya. A gwaje-gwaje da dama an ga dakashi ya ƙara ƙarfi, zawon 'ya'ya ya ragu.

A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace, domin rigakafi ya fi magani. Amma kada a ɗauke ta kamar maganin-a-kuturta na 'yan talla. Sakamakon yakan bambanta daga gona zuwa gona, a wasu gwaje-gwajen ma bambancin da aka gani a hanjin 'ya'yan yakan dushe bayan yaye. Babu wani gari da za a barbaɗa wa uwa ya maye gurbin tsaftar garke, da ruwa mai kyau, da jinkirta yaye. Dabbar da ta kamu da cuta kuwa haƙƙinta ne likitan dabbobi ya duba ta, ya ba ta magani.

Darasin bai tsaya ga alade ba. Ɗan maraƙi da ɗan akuya da ɗan tunkiya su ma ba su da kariya sai sun sha dakashi. A kasuwanninmu kuwa ana sayar da garin maganin kaji ba tare da takardar likita ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu jure magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne abin ya fi yi wa ɓarna.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyyar halittu da na aikin gona, idan sun zo darasin narkar da abinci, su koya wa ɗalibai cewa ba kowace bakteriya ce abokiyar gaba ba. Ku kuma ɗalibai, idan kun ga ana zuba wa kaji masu lafiya magani a ruwan sha, ku tambaya cikin ladabi wace cuta ake yi wa magani.