Daren dala dubu a hamada, da barewar da kakana ya daina gani

1/ Jama'a ku matso, zaren yau yana da ɗan tsawo. Daren jiya muna ɗaki nan Aliero, an ɗauke wuta, zafi kamar a bakin murhu, sai abokina ya miƙo mini waya. Bidiyon wani ne a hamadar Dubai: gida shi kaɗai, wurin ninƙaya nasa shi kaɗai, ga barewa tana kiwo a gabansa.

2/ Na leƙa wurin sharhi, kusan kowa zagi yake. "Almubazzaranci!" "Ka biya kuɗi don ka kwana a daji?" Wani ya ce ya zo ƙauyensu, kyauta za a ba shi tabarma. Ni ma na yi dariya. Amma wallahi har na kwanta abin bai bar raina ba.

3/ Bari mu fara da wurin. Sunansa Al Maha, an buɗe shi a 1999. Yana cikin gandun hamadar Dubai da aka keɓe, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 225. Masauki 42 ne kacal a ciki, kowanne da nasa ruwan ninƙaya. A lokacin sanyi kwana ɗaya yakan kai dala dubu, ko ya wuce.

4/ Ku juya shi zuwa naira, ya haura miliyan ɗaya. Kowa ya lissafa buhun albasa nawa ke nan a kasuwarmu. Ni kam kuɗin makarantata da na abincina na shekara ba su kai nan ba. Don haka ba kare masu kuɗi na zo yi ba, ku saurare ni.

5/ Tambayar da ta dame ni ita ce: me mutumin nan ya saya? Gado mai laushi akwai shi a Abuja. Ruwan ninƙaya akwai shi a Kano. Abin da ya biya shi ne shiru, da taurari, da dabbar dawa tana yawo ba ta tsoron mutum. Abin da kakanninmu suka tashi suka tarar a bayan gida ke nan.

6/ Kakana yana wani ƙauye a yankin Maiyama, tsohon maharbi ne. Hutun da ya wuce na tsokane shi: "Tsoho, ina naman dajin da kake cika mana baki da shi?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, wanga fili da kaka gani, barewa har bakin gona taka zowa. Mu munka cinye su."

7/ Ni shekaruna ashirin da 'yan kai, ban taɓa ganin barewa a daji da idona ba. Gada ma sai dai labari. Zomo da zabon daji na gani, su ma kullum raguwa suke. Ku da kuka tashi a Jega ko Aliero, ku faɗa mini gaskiya, wa ya taɓa ganin gwanki?

8/ Larabawa ma sun yi irin ɓarnarmu. Al Maha sunan dabba ne, maririn Larabawa. Da mota da bindiga aka bi shi har ya ƙare ƙaf a daji a 1972. Waɗanda suka rage a gidajen ajiyar dabbobi aka yi ta hayayyafawa, sannan aka sake su a Oman a 1982. Yau ga shi har ana biyan kuɗi a kalle shi.

9/ Namu maririn na Sahel ma haka. A 2000 aka ayyana cewa babu shi a daji ko'ina. Sai a 2016 aka fara mayar da shi Chadi, kuma daga Abu Dhabi aka ɗauko su a jirgin sama. Dabbar ƙasarmu, sai da ta yi gudun hijira wajen Larabawa kafin ta dawo gida. Abin kunya, abin tunani.

10/ To ga ra'ayina. Mai kuɗi ya je ya kwana a irin wannan wuri, ban ga abin tsinuwa a ciki ba, in dai kuɗin nan ne ke biyan masu gadin daji da likitan dabbobi. Kuɗin da zai ƙone a liƙin biki, gara ya ciyar da mariri. Amma akwai sharaɗi babba.

11/ Sharaɗin shi ne: ƙasar wa aka killace, kuma aljihun wa kuɗin yake shiga? A watan Yunin 2022, a Loliondo ta Tanzaniya, an kori makiyayan Masai daga fili mai faɗin murabba'in kilomita 1,500 da sunan kare namun daji. Amnesty ta yi rahoto a kai. An ji wa mutane raunuka, wasu sun tsere Kenya.

12/ Ku kwatanta abin a nan. A ce gobe an zo Maiyama an kewaye makiyaya da fadama da waya, an ce baƙi za su riƙa zuwa hutawa. Bafulatani ya kai shanunsa ina? Mai gona ya nufi ina? Rikicin da muke fama da shi a kan burtali bai ishe mu ba, sai mun ƙaro wani?

13/ Shi ya sa nake cewa kada mu kalli Dubai, mu kalli maƙwabta. A Kure ta Nijar, kan hanyar Dosso zuwa Yamai, akwai raƙuman dawa na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Daga baya sun haura 600. Ta Kamba za ka bi, ba sai ka hau jirgi ba.

14/ Abin mamaki, babu shinge a Kure. Raƙuman nan cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen itatuwa, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake. An hana kashe su, 'yan yankin ne ke raka baƙi a biya su, ƙungiyoyi kuma suka taimaka da rijiyoyi da ƙananan rance.

15/ Hikimar a fili take. Ranar da talaka ya ga dabbar nan ta fi masa amfani a raye da a tukunya, shi da kansa zai yi gadinta. Ranar da ya ga ita ce dalilin ƙwace masa gona, ko soja aka ajiye sai ya ɗana mata tarko.

16/ Kuma mu 'yan Kebbi ba baƙin wannan dabara ba ne. Ku dubi Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Me ya sa ake kama manyan kifaye a Matan Fada? Saboda an hana su a wurin sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa yana tsaye a kai.

17/ Ka ga haƙurin jama'a ne ke tara kifin, kifin ya jawo baƙi, baƙi su cika masauki, mai suya da mai babur kowa ya samu. Babu wanda ya fara gina otal sannan ya je neman kifi. Amma mu in an ce yawon buɗe ido, gini ne farkon abin da ke zo mana a rai.

18/ Wani zai ce, "Kai ɗalibi, ana ta tsaro kana ta barewa?" Gaskiyarka, ɗan'uwa. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kuren nan, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, har da shugaban masu raka baƙi. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin mutane da yawa ya yanke.

19/ Amma ku lura, dajin da babu mai amfana da shi, babu mai gadinsa, shi ne ke zama maɓoyar ɓarayi. Mun ga yadda dazuzzukan Arewa maso Yamma suka koma. Maganar daji da maganar tsaro abu guda ne, raba su ne ya kai mu inda muke.

20/ Duk wanda ke bin hanyar Jega zuwa Koko yana ganin buhunan gawayi da tulin itace a bakin titi. Ban zargi mai sayarwa ba, yunwa ba ta jiran huɗuba, iskar gas kuma ta fi ƙarfin gidaje da yawa. Sai dai kowane buhu inuwa ce ta tafi, kuma dabba ba ta zama inda babu inuwa.

21/ Gyara ba sai da biliyoyi ba. Manoman Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980, suka koma barin tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu in suna sassabe. Miliyoyin kadada suka farfaɗo ta haka. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ma ta fi tamu bushewa.

22/ Abin da nake roƙo kaɗan ne. Hakimai da dagatai su keɓe ɗan daji a kowane yanki, da yardar manoma da makiyaya da maharba. A daina cinna wa daji wuta don kamun gafiya. A sa lokacin da babu farauta. In wata rana baƙo ya zo ya biya, a san rabon gari tun kafin kuɗin su shigo.

23/ Mu ɗalibai kuma, musamman 'yan ajin ƙarshe masu neman abin bincike: ku je ku zauna da tsofaffin maharba, ku rubuta sunayen dabbobin da suka sani, da inda suke ganinsu, da shekarar da suka daina. Tsofaffin nan tafiya suke yi, kuma ba su bar littafi ba.

24/ Ni dai ba na mafarkin kwana a Al Maha, aljihuna ya san matsayinsa. Burina in kai ɗana bayan gari a Maiyama, in nuna masa barewa da yatsa, in ce ga wadda kakana ya ce sun cinye.

Wace dabba ce kakanninku ke ba da labarinta da ku ba ku taɓa gani ba? Ku rubuto sunanta da garinku, zan tattara.