Wa ya ce allura ta fi ƙwaya ƙarfi?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakinmu, daga Maraɗi har Tawa, daga uwargida a ƙauye har mushen lekol mai takardar shaida: wai idan an kai yaro likita aka dawo ba a yi masa allura ba, to ba a duba shi ba. A ba uwa ƴan ƙwayoyi a ce ta narka a cokali, ta fito tana ƙunƙuni, wai majo ya raina su don ba su da kowa. Da yamma maigida ya nemo wani mai jakar magani a unguwa, wanda bai taɓa zama ajin koyon jinya ba, ya tsira wa yaron allura a ɗuwawu, hankalin kowa ya kwanta. Wannan magana ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai gurgunta ɗiyan mutane. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mu malamai, da ya kamata mu kashe ta, muna cikin masu yi mata ban ruwa.

Kowane magani abu biyu ne. Akwai sinadarin da ke kashe cutar, akwai kuma siffar da aka ba shi: ƙwaya, siro, kafso, gari, allura, ko na matsawa ta dubura. Wannan siffa fanni ne guda na bincike, akwai masanan da suka ƙare rayuwarsu a kansa. Tambayoyinsu kuwa irin namu ne na gida. Yaro ɗan wata takwas zai iya haɗiye shi? In ya ji ɗaci zai tofar? Zai jure zafin watan Afrilu a ɗakin da ba firij? Wa zai ba da shi, ma'aikacin lafiya ko kaka da ba ta karatu? Magani komai kyansa, in ya ƙare a zanen uwa, aikin banza ne. Shi ya sa a 2007 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta fitar da jerin magungunan yara na farko, ta kuma matsa wa kamfanoni su riƙa yin magani daidai da jikin yaro, a daina ɓantaro masa na manya.

Mu dubi rigakafin masassarar cizon sauro na lokacin damina, wanda muke kira CPS. OMS ta ba da shawararsa a 2012, aka fara shi a Nijar a 2013 a wuraren da suka haɗa da Magarya, Madawa da Gidan Rumji. Ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya kowane wata, kwana uku a jere, kuma gwajin da aka yi kafin a amince da shi ya nuna yana rage kamuwa da cutar da kusan kashi 75 cikin 100. To amma ɗaya daga cikin magungunan, amodiyakin, ɗaci gare shi kamar maɗaci. Da farko sai an daka ƙwayar, a zuba sukari, a danne yaro, ya yi kuka ya amayar. Daga baya aka ƙero wadda ke narkewa nan take cikin ɗan ruwa, an kuma ɓoye ɗacin da zaƙi. Sinadarin bai sāke ba ko kaɗan, siffar ce aka gyara, kuma gyaran nan shi ne bambancin yaron da ya sha da wanda ya tofar. Wannan ce ƙwayar da wasu ke kira maganin talakawa.

Mu malamai kuwa bai kamata a yi mana dogon bayani ba, domin da hannunmu muke raba maganin tsargiya a lekol. Kowa ya san sandar awon tsawo, ya san ƙatuwar ƙwayar nan ta farazikantel mai miligram 600, ya san yadda ƴan aji ɗaya ke murtuke fuska da ita. Ƙannensu da ba su isa shiga lekol ba, waɗanda su ma ke wasa a tabki ɗaya, an daɗe ana barinsu a baya, saboda ƙwayar ta yi musu girma da ɗaci. Sinadarin nan tagwaye ne: ɗaya ke kashe tsutsar, ɗayan shi ya fi kawo ɗacin. Masu bincike suka ware mai aikin, suka yi ƴar ƙwaya mai miligram 150 da ke narkewa, don yara daga wata 3 zuwa shekara 6, kuma a ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi na'am da ita. Kafin zuwan farazikantel da allura ake maganin tsargiya. A Masar an yi shekaru ana jera mutanen karkara ana yi musu ita da sirinjin da ba a tafasa yadda ya kamata ba, abin da ya bar ƙasar cikin waɗanda ciwon hanta nau'in C ya fi yi wa katutu a duniya. Masu son allura su riƙe wannan.

Mutanen Maraɗi ba su manta 2005 ba. A da, yaro mai tamowa mai tsanani sai an kwantar da shi ana dama masa madara ta musamman, wadda ke buƙatar ruwa mai tsabta kuma ba ta jimawa sai ta lalace. Da aka zuba abubuwan gina jikin cikin tunkuzar gyaɗa marar ruwa, wato Plumpy'Nut, ƙwayoyin cuta suka rasa inda za su hayayyafa, uwa ta iya ɗauka ta koma gida, aka yi jinyar dubun dubatar yara a shekarar. Haka rigakafin sanƙarau na MenAfriVac da aka fara a ƙasarmu a 2010: a 2012 an amince zai iya yin kwana 4 cikin zafin da bai wuce digiri 40 ba, babu ƙanƙara. Wanda ya taɓa ganin ana neman ƙanƙara a ƙauyen da ba lantarki ya san darajar kwana huɗun nan.

Za a ce mini ai akwai inda allura ta zama dole. Ƙwarai kuwa. Yaron da masassara ta kai shi ga suma ko jijjiga, ko yake amayar da duk abin da aka ba shi, allurar artesunat ce maganinsa, a likita, a hannun wanda ya koya. Ko a nan ɗin ma bincike ya tuna da mutanen nesa: akwai artesunat mai miligram 100 da ake matsa wa yaro ƙasa da shekara 6 ta dubura, ya riƙe shi kafin a kai shi inda za a yi masa cikakken magani. Riƙo ne kawai, dole a ci gaba da tafiya ko da yaron ya buɗe ido. Amma iyaye nawa ke ƙin sa don kunya? Sun yarda baƙon hannu ya soka wa ɗansu ƙarfe, amma wannan ne abin kunya. Ita kuwa allurar ɗuwawu, in aka kuskure wuri, tana taɓa babbar jijiyar da ta sauka daga ƙugu zuwa tafin ƙafa. Yaro ya tashi yana jan ƙafa har tsufansa, a ce iska ce ta taɓa shi. Ban da ƙurji mai ruwa, ban da cutar da allurar wani ke ɗauko wa wani.

Ɓarnar ba ta tsaya ga allura ba. Muna karɓar abin da aka yi shekaru ana aunawa, mu rushe shi cikin minti ɗaya. Akwai ƙwayar da aka yi wa rufi don kada ta narke sai ta wuce tumbi, akwai wadda aka tsara ta riƙa sakin magani kaɗan-kaɗan tsawon yini. In ka daka irin wannan, abin da ya kamata ya shiga jini cikin awa goma sha biyu ya shiga gaba ɗaya. Ana fasa kafson tetrasikilin a juye cikin fura da nono, alhali nono na kama wannan magani ya hana shi shiga jiki, kuma yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Shi kuwa Coartem na masassara, akasin haka ne: ya fi shiga jiki in an bi shi da nono ko abinci mai maiƙo, kuma sau shida ake sha cikin kwana uku, ba a tsayawa don zafin jiki ya sauka. Wa zai gaya maka wannan bambanci? Ba dai mai tallan magani a faranti ba, wanda kayansa ke yini cikin rana a tasha, alhali a jikin kwalin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 25 ko 30. Siro ma da muke gani kamar shi ne na ƴan gata, garin amoksisilin in an zuba masa ruwa kwanakinsa ƙidayayyu ne, amma sai a ajiye ragowar a kan taga har wata masassarar ta zo. A Gambiya a 2022 yara kusan 70 suka mutu da ciwon ƙoda bayan shan siron da aka haɗa da gurɓataccen sinadari.

Laifin ba na iyaye mata kaɗai ba ne, kuma na gaji da jin ana ɗora musu. Ma'aikacin lafiyar da ya miƙa ƙwaya bai ce uffan ba, shi ya buɗe wa mai jaka ƙofa. Wanda kuma ke rubuta allura don kada a ce bai iya aiki ba, ya fi mai jakar laifi, domin shi ya sani. Mu ma muna koyar da hanyar abinci daga baki zuwa hanji, yara su haddace su rubuta a jarrabawa, amma ba mu taɓa ɗauko kwalin magani mu karanta tare da su ba: miligram nawa, don mai shekara nawa, yaushe zai lalace, a wane zafi ake ajiye shi. Darasi ne na karatu da lissafi da kimiyya a lokaci guda, kuma bai buƙatar izinin sufeto. A gidaje da yawa ɗan aji shida shi kaɗai ne mai iya karanta abin da ke jikin kwalin.

Zagayen ƙarshe na CPS yakan faɗo dab da buɗe lekol a watan Oktoba. Masu rabawa na ranar farko kaɗai suke ba yaro da hannunsu. Na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsu, kuma a nan ne ƙwayoyi ke ɓacewa ƙarƙashin katifa, ko a ajiye su wai sai yaron ya kwanta. Kowane malami ya tambayi ajinsa wa ke da ƙane ko ƙanwa da aka ba maganin, ya ce su je su dubo ko an sha sauran biyun, su kawo masa amsa washegari tare da aikin gida.