Suna Linzami

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, mu dubi sunayen da muke laƙaba wa masu shaye-shaye: ɗan ƙwaya, ɗan wiwi, ɗan sholisho, ɗan kodin. Kowanne da "ɗan" ya fara, sai ka ce mun raba yaro da iyayensa mun miƙa shi ga kayan maye. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma wa zai hana bakinmu? Wanda ya daɗe da tuba, in ya je neman aure, sunan nan kan riga shi isa. Lalle mu ƙi halin, amma mu kira mutum da sunan da aka raɗa masa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.