Ann Calvello: Wadda ta ɗauki baƙin jini domin fili ya cika

A ranar 14 ga watan Maris na 2006, wata tsohuwa mai suna Ann Calvello ta rasu a jihar Kalifoniya ta Amurka tana da shekara 76, bayan fama da cutar kansa. Ta shafe rayuwarta tana tseren takalmin taya, wasan da Amurkawa ke kira roller derby. Labarinta ya cancanci mai cin albashi ya tsaya ya duba shi, domin ya taɓo abin da ma'aikata ba su cika son faɗa a fili ba, wato hakkin wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen ɗaukaka sunan wani.

Wani ɗan kasuwa mai suna Leo Seltzer ne ya ƙirƙiro wasan a birnin Shikago a 1935. Da farko gasar juriya ce kawai, daga baya aka shigo da ture da bangaza. Kowace ƙungiya tana fito da mutum biyar a kan fili mai siffar ƙwai. Ɗaya daga cikinsu ne mai neman maki, kuma yana samun maki ne idan ya zagayo ya wuce abokan hamayya, sauran kuma aikinsu su buɗe masa hanya su tare na ɗaya ɓangaren. Tun a wancan zamani maza da mata suna wasa a ƙarƙashin dokoki iri ɗaya, ana haɗa makinsu wuri guda.

An haifi Calvello a 1929, ta shiga wasan a 1948, ba ta daina hawa fili ba sai da aka shiga shekarun 2000. Ta karya hanci har sau 12. Ta shahara da rina gashinta kala-kala da shafa farin jan-baki, ta kuma karɓi matsayin muguwa a idon 'yan kallo. Abokiyar hamayyarta, Joan Weston ta ƙungiyar San Francisco Bay Bombers, ita ce 'yar lelen jama'a. Ana tafa wa Weston, ana yi wa Calvello ihu. Sai dai duk wanda ya san yadda ake sayar da tikiti ya san ihun nan da tafin nan aljihu ɗaya suke cikawa, domin da babu wadda ake ƙi, da ba a yi tururuwar zuwa ganin wadda ake so ba.

A 1973 Jerry Seltzer, ɗan wanda ya kafa wasan, ya rufe gasar, a daidai lokacin da tsadar man fetur ta sa yawon gari-gari ya gagara. Calvello ta ci gaba da wasa a ƙananan gasannin da suka biyo baya. A ƙarshen rayuwarta kuwa, tana aikin zuba wa masu sayayya kaya a jaka a wani babban kanti, tana kuma karɓar tikiti a ƙofar filin ƙungiyar San Francisco 49ers.

Masu yabonta suna kawo wannan a matsayin shaidar juriya, kuma ba su yi ƙarya ba. Babu abin kunya a sana'ar halal, kuma babu wanda ya tilasta mata hawa fili tana tsohuwa. Son wasan ne ya riƙe ta. To amma yabon juriyar ma'aikaci abu ne mai araha, kuma sau da yawa shi ake miƙawa a madadin biyan hakki. Gasar mallakar iyali ɗaya ce. Da mai ita ya ga lissafi bai fita ba, ya rufe ƙofa, 'yan wasan da suka tara masa jama'a suka watse da tabon jikinsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Girmamawa ta zo mata daga baya. An yi fim a kan rayuwarta a 2001 mai suna Demon of the Derby. A daidai wannan lokaci wasu mata a birnin Austin na jihar Teksas suka farfaɗo da wasan, suka sa wa kofin gasarsu sunanta. Abin lura shi ne, yawancin sababbin ƙungiyoyin da suka bazu bayan haka 'yan wasan ne da kansu ke mallakarsu suna kuma gudanar da su. A ganina, wannan ya fi kofin daraja, domin ya gyara ainihin abin da ya cutar da tsararta.

Duk hadimin da ya taɓa tare ƙofa domin maigida ya huta, ko ya sa hannu a takardar ƙin amincewa domin sunan shugaba ya fita fes, ya san matsayin Calvello. Aiki ne da ofis ba ya tafiya sai da shi, amma ranar da aka sauya shugabanci ko aka rushe hukuma, baƙin jinin ne kawai ke bin mutum gida. Saboda haka mai irin wannan aiki ya nemi a rubuta hakkinsa tun yana kan kujera, ya bibiyi abin da ake tara masa na ritaya, ya kuma riƙe ƙungiyar abokan aikinsa da muhimmanci. Shugabanni kuma su biya mutum tun yana da ƙarfin cin moriyar abin da aka biya shi.