Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Sufeto Janar na 'Yan Sandan Najeriya



Shari'ar kisa ko fashi tana tsayuwa ne kan abin da aka tarar a wurin da aka yi ta'asar. Ɗan sandan da ya fara isowa shi ke da alhakin killace wurin da igiya, ya hana 'yan kallo tattake sawu, ya ɗauki hoto kafin a taɓa komai. Kwanson harsashi da safar hannu ake ɗaukarsa. Riga mai jini kuwa sai ta bushe a sa ta a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi, jinin ya lalace. Kowane hannu da kayan shaida suka bi dole a rubuta sunansa da lokaci. Giɓi ɗaya ya isa lauya ya rusa ƙara.

Inda babu horo kan waɗannan matakai, mai bincike yakan dogara da tilasta wa wanda ake zargi ya amsa laifi, abin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta. Ya kamata Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil da Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna su mai da wannan darasi wajibi, a kuma wadata kowane caji ofis da kayan aikinsa.