Kyamarar Farko: Shawara Ga Ɗalibin Hausa Mai Ƙaramin Aljihu

Tun da na dawo daga hutu da kyamara rataye a wuya, 'yan ajinmu ba su bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya ce nawa na saya, wancan ya ce megafiksel nawa ce, wata kuma ta ce ai wayarta ta fi ta fitar da hoto. Ganin tambayoyin sun yi yawa ya sa na ga ya dace in bayyana ra'ayina a wannan mujalla tamu, musamman saboda 'yan aji uku da za su fara neman taken kundin digiri baɗi.

Ni mutumin Jajimaji ne, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, a kan hanyar Nguru zuwa Gashuwa. Kundina a kan kalmomin sana'ar su ne a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda tafkin Nguru da ke cikinsa ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Da na fara fita bincike waya kawai na riƙe. Ranar farko na ga masunci kwance a kan gora can tsakiyar ruwa yana jan koma. Na jawo hoton kusa da yatsu biyu kamar yadda muka saba, amma da na koma gida abin da na gani bai wuce baƙin ɗigo a kan ruwa ba. Hirar da na yi da wani dattijo a kan yadda ake kafa dumba kuwa, iskar hunturu ta cinye rabinta. Malamin da ke duba kundina ya saurara sau biyu, ya cire abin kunne ya ce, "Malam, wannan ai kalmomin iska ka tattaro mana."

Ba na musun cewa waya ta wadatar da wasu. Wanda zai yi nazarin jigo da salo a littattafan zube, ko wanda hirarsa duk a cikin ɗaki za ta kasance, kada ya wahalar da iyayensa. Amma mai nazarin su ko jima ko ƙira ko saƙar tabarmar kaba, aikinsa ya bambanta. Ƙamusun Bargery na 1934 zai ba ka kalma da ma'anarta, amma ba zai nuna maka yadda hannun mai sana'a yake ƙulla igiya ba. Marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa sun samar da ƙamusoshin harsunan Yobe, har da na Bade, amma akwai sauran aiki jibge a gabanmu, kuma dattawan da suka san sunan kowane tarko da kowane kifi ba jiran mu za su yi ba. Ga kachala tana ta toshe hanyoyin ruwa, wasu masuntan suna barin sana'ar. A irin wannan aiki ne kyamarar da ake cire wa gilashi a sa wani take da rana, domin gilashi ɗaya zai kawo maka na nesa, wani kuma ya yi aiki a cikin duhun zaure.

To, wacce za ka saya? A nawa ra'ayin, ka sayi ta hannu, mai madubi a ciki, wato irin da ake kira DSLR. Na san za a ce zamaninta ya wuce. Gaskiya ne, tun 2008 Panasonic ya fito da marar madubi ta farko, kuma a 2018 Canon da Nikon suka buɗe sababbin layukansu na marasa madubi, suka mayar da hankali can. Amma wucewar zamanin nata ita ce ribarmu. Masu hoton biki da suka koma sabuwa suna ta sayar da tsofaffin, farashi ya faɗi, ga kuma gilasai birjik a kasuwa, don bakin da ake ɗaura gilashi na Canon tun 1987 ake amfani da shi, na Nikon kuwa tun 1959. Sannan ga maganar batir. Mai madubi ba ta cin wuta idan kana leƙawa ta ƙaramar tagarta. Nikon D3500 an ƙiyasta mata hoto 1,550 a caji ɗaya, alhali ƙananan marasa madubi da yawa ba su wuce ɗari uku zuwa huɗu ba. Wanda ya taɓa kwana uku a ƙauyen bakin ruwa yana biyan kuɗin caji a shagon mai sola ya san abin da nake nufi. Sai dai idan bidiyo kake ɗauka, wannan fifiko ya tafi, dole ka nemi batir na biyu.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai faɗa maka ba, kuma shi ne ya fi shafar mu ɗaliban harshe: ramin makirfo. Mu masu farautar magana ne kafin mu zama masu ɗaukar hoto. Idan karin sauti da tsawon wasali ba su fita ba, bidiyon ya zama ado kawai. Makirfon da ke jikin kyamara iska da ƙarar babur ya fi ji a kan muryar mai magana. Saboda haka ka juya kyamarar, ka buɗe robar gefenta, ka ga ko akwai ramin da za ka soka makirfo na maƙalawa a riga. Abin mamaki, sabunta ba ta nufin komai a nan. Nikon D3200 ta 2012 da D3300 ta 2014 suna da shi, amma D3400 da D3500 da suka biyo bayansu ba su da shi. Canon 600D ta 2011 tana da shi, har da allon da ake juyawa, amma 1300D da 2000D da 4000D, waɗanda suka fi ta ƙuruciya, babu. Shi ya sa tambayar megafiksel take ba ni dariya. Hoto mai megafiksel 12 ya ishe ka cika shafin kundi har ya yi saura.

Ni D3200 na saya, da kuɗin riɗin da na noma da ɗan abin da yayana ya ƙara mini. A nan kuma na yi nawa kuskuren, zan faɗa don kada wani ya maimaita. Na ga gilashin 50mm mai araha a wani shago a Kano, na biya ban gwada ba. Da na iso gida na ɗaura, sai ya ƙi saita hoto da kansa. Ashe irin nan ne mai harafin D a ƙarshen sunansa, wanda ke dogara da ɗan injin da ke cikin gangar jikin kyamara, ita kuwa tawa ba ta da wannan inji. Wanda ya dace da ita shi ne mai alamar AF-S. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, ban yi tambaya ba. Bayan haka ma, a kan irin waɗannan ƙananan kyamarori gilashin 50mm yana matse hoto kamar 75mm, har sai da na manne da bangon zaure kafin mutum biyu su shiga. Da na sani, da na tsaya a kan 18-55mm da ke zuwa da ita, in tara kuɗin 55-200mm saboda masunta na nesa.

Zuwa da kai ya fi aike, don haka kada ka tura kuɗi ga wanda ba ka gani ba. Ka tafi da katin memorinka. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin marfin da ke buɗewa ya rufe a cikinta an gina shi ne a kan kimanin bugu 100,000, kuma wadda ta yi shekaru tana yawon biki tana iya kusantar haka ko da jikinta na ƙyalli. Ka ɗauki hoton farin bango bayan ka matse ƙofar haske zuwa f/22, duk dattin da ke ciki zai fito ɓaro-ɓaro. Ka haska gilashin da tocilan, idan ka ga abu kamar yanar gizo-gizo a ciki, ajiye musu kayansu. Farashi kuwa ba zan rubuta ba, don kafin a buga mujallar nan dala ta sauya shi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Kyamarar da ake buɗe wa ciki, a ƙasar da hazo ke rufe rana daga Disamba zuwa Fabrairu, dole ta sha ƙura. Ni ba na canja gilashi a fili. Ɗaki nake shiga, ko in tura hannuwana cikin jaka, bakin kyamarar na kallon ƙasa. Kada ka hura mata iskar baki, ka sayi 'yar robar hurawa. Kuma kada ka fita ba katin shaidar ɗalibi da takarda daga Sashe, don babbar kyamara tana jawo tambaya a shingen jami'an tsaro. A bakin ruwa ma, sai ka fara gaida sarkin ruwa ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka zare ta daga jaka.

Na koma wurin dattijon nan a watan Janairu, da makirfo maƙale a wuyan rigarsa. Kyamarar tana tsayawa da kanta duk bayan minti 20 na bidiyo, shi kuwa Baba ba ya tsayawa, sai da na ajiye waya a gefe tana naɗar abin da ya faɗa a tsakani. Sunayen sassan dumba da na rasa a karon farko duk sun fita, har da guda biyu da ban gani a ƙamusun da na duba ba. Gilashin 50mm ɗin yana nan a akwatina a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma duk mai Nikon irin wadda ke da injin a jikinta ya neme ni mu daidaita.