Tarin Fuka: Sabon Gwaji da Sabon Magani Sun Samu, Saura Namu Aikin

A da, in ana zaton mutum yana da tarin fuka, kakinsa ake dubawa da madubin likita, sau da yawa kuwa ƙwayar cutar tana nan amma ba a ganinta. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ke gano cutar cikin awa biyu, ta kuma nuna ko ƙwayar ta fi ƙarfin maganin rifampicin.

Irin wannan tari mai taurin kai, da sai a yi wata 18 zuwa 24 ana magani, har da allurai masu kurmantar da waɗansu. A 2022 hukumar ta ba da shawarar haɗin ƙwayoyi huɗu, BPaLM, na sha kaɗai, cikin wata 6.

Amma likitoci suna jan kunne cewa na'ura ba ta gano wanda bai zo asibiti ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa. Waɗansu suna ɓoyewa don kunya, waɗansu kuma da sun ji sauƙi sai su daina shan magani, abin da ke ƙara wa ƙwayar ƙarfi ke nan.

'Yan'uwa, a nan ikkilisiya ke da aiki. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi asibiti. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Fastoci su faɗa a lokacin sujada, Zumuntar Mata su riƙa ziyartar mai jinya har ya gama maganinsa. Mu yi addu'a, mu kuma sha magani. Luka ma likita ne.